Jakin jitar lantarki: a sauya shi ko a bar shi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai garaya ko mai gurmi ya ga wani ɗan guntun itace ko kara da ake tokarewa a ƙarƙashin tsirkiya, a kan fatar. Jaki makaɗa ke ce masa, kuma sunan ya dace, don shi ke ɗauke da kaya. In aka zare shi, tsirkiya ta kwanta a kan fata, kiɗa ya ƙare. Jitar lantarki ma tana da nata jakin, sai dai na ƙarfe ne, an kafe shi da noti a jikin gangar jitar. A bisansa akwai wasu 'yan ƙananan ƙarafa da tsirkiyoyi ke hawa, waɗanda masu ƙera jita ke kira sirdi. A nan ne kawai za ku ga jaki ɗaya da sirdi shida.

Abin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne, kusan duk ɗalibin da ya fara koyo da jita mai araha, wata rana sai ya ji wani ya ce masa jakin jitarsa na banza ne, ya sayi na kirki ya ji yadda sauti zai canza. Masu sayarwa kuma ba su gajiya da alkawari: amo zai daɗe, murya za ta yi zaƙi, saiti ba zai ƙara gocewa ba. Wanda ya yi watanni yana matse kuɗin tara yana ajiyewa, yana da haƙƙin ya san ko maganar gaskiya ce kafin ya buɗe asusu.

Amsarmu a taƙaice ita ce: sauya jaki yana biyan kuɗinsa idan kuna iya nuna da yatsa abin da ya lalace a tsohon. Idan kuwa zaƙin murya kawai kuke nema, akwai wurare da yawa da ya kamata kuɗin ya fara zuwa. Amma bari mu bi a hankali, don sai an san aikin jaki ake gane ciwonsa.

Tsirkiyoyi shida na jitar lantarki, masu matsakaicin kauri, in an ɗaure su daidai, suna ja da ƙarfin da ya kai kusan kilo 45. Wato saura kaɗan ya kai buhun siminti, dare da rana, ko ana kaɗawa ko an jingine ta a bango. Jaki ne ke riƙe da ƙarshensu ɗaya, ko kuma shi ke tokare su. Shi ne kuma ke yanke tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuyan jita. In ta yi nisa, yatsu su sha wuya. In ta kwanta da yawa, ta riƙa gogar ƙarafan da ke jere a wuya, waɗanda ake kira firet, tana zizar da ba daɗi.

Aikinsa mafi muhimmanci kuwa, 'yan ajin kimiyya sun riga sun gamu da shi a darasin fiziks. Ku tuna sonomita, akwatin nan mai waya da jakuna biyu. Malam ya nuna muku cewa in aka gajarta waya sautinta ya ƙara sirancewa, in aka rage tsawonta da rabi kuma, yawan girgizarta a daƙiƙa ya ninka. Jita sonomita ce mai ado. A yawancin jitocin kamfanin Fender, tsawon sashen tsirkiyar da ke girgiza inci 25 da rabi ne, kimanin milimita 648. A na Gibson inci 24 da kwata uku. Firet na 12 yana tsakiya, saboda haka in kun danne tsirkiya a nan, ya kamata ta ba da sautinta na asali amma siriri, kamar yadda yaro da babba ke rera waƙa ɗaya kowa da muryarsa.

Sai dai dannewar kanta tana ƙara miƙe tsirkiya kaɗan, kuma mai kauri ta fi siririya nuna haka. Shi ya sa ake matsar da kowane sirdi baya kaɗan, kowanne da gwargwadonsa. Ku leƙa jakin jitar da aka saita da kyau, za ku ga sirada ba a layi ɗaya suke ba, sun yi kamar matattakala. Idan jakinku ya gaza a wannan aiki, kuna iya saita jita tsaf a sama, amma da zarar yatsunku sun gangaro ƙasan wuya, sai ku ji kamar mawaƙin da mura ta kama.

To ina zancen zaƙin murya? A garaya da jitar da ba ta lantarki, jaki ne ke kai girgizar tsirkiya ga fata ko katako, su kuma su motsa iska mu ji sauti. A jitar lantarki labarin daban ne. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maɗaukin sauti, wanda makaɗa ke kira fikof: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na girgiza a samansa, ta haifar da ɗan lantarki a cikin naɗin, wannan lantarkin ne ke tafiya amfilifaya ya fito ta lasifika. Fikof tsirkiya yake saurare. Saboda haka tasirin jaki a kan sauti ta bayan gida yake zuwa, wato ta yadda yake barin tsirkiya ta girgiza, ko yake sace mata ƙarfi. Sirdi mai rawa yana sata, noti mai sako-sako yana sata. Jakin da ya zauna daram kuwa, ko na araha ne, ya riga ya yi mafi yawan aikinsa.

A 2022 wani makaɗi a Nashville ta Amurka mai suna Jim Lill ya yi wani gwaji da ya bazu a YouTube. Ya yi ta rage sassan jita har ya kai ga ɗaura tsirkiyoyi a sarari tsakanin kayan ɗakin aikinsa, ba ganga ba wuya, ya sa fikof a ƙarƙashinsu a tazarar da ta dace. Sautin da ya fito ya yi kama da na jitarsa mai tsada ƙwarai, har mutane da yawa suka kasa rarrabewa. Gwajin mutum ɗaya ne, ba hukuncin kotu ba, amma ya isa ya sa mutum ya yi hattara da duk tallan da ke cewa guntun ƙarfe ɗaya zai mayar da jita wata aba daban.

Ba mu ce irin ƙarfen bai da tasiri ko kaɗan ba. Makaɗa da yawa sun ce sirdin tagulla yana tausasa sauti, na sitil yana ƙara masa kaifi, kuma wanda ya shekara ashirin yana kaɗa jita ɗaya yana iya jin abin da mu ba za mu ji ba. Amma ɗan bambancin nan, juya maɓallin amfilifaya kaɗan yana iya haɗiye shi. Akwai kuma wata dabara da ke yaudarar kunne. Ba a sauya jaki sai an kwance tsirkiyoyi, kuma yawanci sababbi ake mayarwa, a kuma sake saita komai. Sabuwar tsirkiya kullum ta fi tsohuwa haske. Mai jita ya ji sauti ya washe, sai ya yaba wa jakin da ya saya da tsada, alhali wataƙila tsirkiya ce ta yi aikin.

Jakuna iri-iri ne, kowanne da halinsa

Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba, ya fitar da jitar da aka sa wa suna Telecaster a 1951. Jakinta faranti ne na ƙarfe mai sirdi uku kacal, tsirkiya biyu-biyu a kan kowanne. Matsalar a fili take: in kun daidaita ɗaya, abokiyar zamanta tana iya gocewa kaɗan. Duk da haka har yau akwai manyan makaɗa da ba su yarda a taɓa musu sirdi ukun nan. Waɗanda abin ya dama sukan sayi sirada uku da aka ɗan karkace ko aka fere bakinsu, don kowace tsirkiya ta sami tsawonta. Wannan na cikin sauye-sauye mafi araha, kuma in ba ku so kuna iya mayar da na da.

A 1954 Fender ya fito da Stratocaster, mai sirdi shida da wata sanda da ake dannawa sauti ya lanƙwashe. Jakinta ba a kafe yake ɗam ba, lilo yake yi. Ta gaba tsirkiyoyi na jan sa, ta bayan ganga kuma sifirin na jan sa, a tsakiya akwai wani dunƙulen ƙarfe da tsirkiyoyi ke ratsawa. A jitoci masu tsada dunƙulen na sitil ne mai nauyi, a masu araha sau da yawa na tutiya ne, siriri. Wannan dunƙulen ne aka fi tallata sauyawa. Irin wannan jita ce za ku gani a hannun Mdou Moctar, makaɗin Abzinawa na Nijar, wanda da hagu yake kaɗawa. Jitarsa ta farko kuwa da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke, kuma a kanta yatsunsa suka fara koyo.

Kamfanin Gibson ya bi wata hanya. Shugabansa na lokacin, Ted McCarty, ya ƙirƙiro jakin Tune-o-matic, wanda ya hau jitar Les Paul Custom a 1954. Yana tsaye a kan ƙafafu biyu masu zare, tsirkiyoyi su haye shi su je su maƙale a wani ƙarfe na baya. Sai kuma Floyd Rose, wanda ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1979. Shi ya kulle tsirkiya ta sama da ta ƙasa, yadda za a iya danna sanda har tsirkiyoyi su saki gaba ɗaya, a sake ta su koma inda suke. Eddie Van Halen ne ya sa duniya ta san shi.

Mun kawo waɗannan ne don kowanne da irin ciwon da ke kama shi, kuma a nan ne sauyawa ke da ma'ana. Idan tsirkiya ɗaya ce ke yawan tsinkewa, kuma kullum a kan sirdi take tsinkewa, to bakin sirdin ya yi kaifi ko ya tsage. Wani lokaci 'yar takardar goge ƙarfe mai laushi ta isa, in ta ƙi a sauya sirdin. Idan gumin hannu ya sa ƙananan notin sirdi sun yi tsatsa har ba su juyawa, ko kansu ya cinye, ba za ku iya saita komai ba sai an sauya su. Tune-o-matic mai taushin ƙarfe, bayan shekaru yana shan nauyi, yakan lotsa a tsakiya, tsirkiyoyin tsakiya su kwanta su riƙa ziza, na gefe kuwa lafiya lau. Ku cire shi ku ɗora ruler a ƙasansa, in ya lanƙwashe za ku gani. Wannan ba ya gyaruwa. Haka kuma idan kun matsar da sirdi har ƙarshen hanyarsa amma sautin firet na 12 bai daidaita ba, ko da sabuwar tsirkiya, jakin da ke da doguwar hanya zai warware matsalar.

Inda sauyawa ta fi biya, a ganinmu, shi ne kwaikwayon Floyd Rose da ake sa wa jitoci masu araha. Jakin yana lilo ne a kan baki biyu masu kaifi kamar wuƙa, da suka jingina da ƙafafu biyu. In ƙarfen bai da tauri, bakin ya dakushe, jaki ya daina komawa daidai inda ya taso, saiti ya riƙa gocewa duk lokacin da aka taɓa sanda. Sai dai ku sani, na ainihin yakan fi wasu jitocin 'yan koyo tsada gaba ɗayansu. Kafin a sa wa jitar da ba ta kai ba, a yi lissafi ko tara kuɗin wata jitar ya fi. Jitar da ba a ƙera ta da Floyd Rose ba kuwa, yawanci sai an fafe katakonta kafin ya shiga, kuma katakon da aka fafe ba ya dawowa. Ba mu ba ɗalibi shawarar wannan ba.

Laifin wani, dukan jaki

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne jita ba ta riƙe saiti, kuma sau da yawa jaki ba shi da hannu a ciki. Ku duba can sama, inda wuya ya haɗu da kai, akwai ɗan farin abu mai tsaga shida da tsirkiyoyi ke bi, ana ce masa nat. A jitoci masu araha tsagogin sukan matse, tsirkiya ta maƙale, sai kuna cikin kiɗa ta kuɓuce. In kuna juya kunnen jita kuka ji wani ɗan ƙas, to shi ne. Ku goga bakin fensir a cikin tsagar, baƙin fensir yana sa santsi. Sabuwar tsirkiya ma tana buƙatar a ja ta a hankali da yatsa, a sake saitawa, sau uku ko huɗu, kafin ta zauna. Naɗin da aka yi mata barkatai a kunne shi ma yana saki.

Sai yanayi. Wuyan jita katako ne, yana shan laima da damina, ya bushe da hunturu, ya ɗan lanƙwashe. Jitar da ta yi daɗin dannawa a watan Agusta tana iya fara ziza a Janairu ba tare da an taɓa jakinta ba. A cikin wuya akwai sandar ƙarfe da ake juyawa don gyara wannan, amma ita kam a kai wa wanda ya iya, don in aka matse ta da ƙarfi ana iya yin ɓarnar da ta fi kuɗin jaki.

Wanda kuma jakin lilo ya dame shi alhali ba ya amfani da sandar, ba sai ya sayi komai ba. Eric Clapton guntun katako yake cusawa a bayan dunƙulen Stratocaster ɗinsa don ya hana shi motsi, har jitar da Fender ke ƙerawa da sunansa haka take fitowa. Kowane kafinta zai iya yanka muku irinsa daga ragowar katako.

Gwajin firet na 12 kuwa kowa zai iya yi a gida. Ku sa sababbin tsirkiyoyi, ku sauke manhajar saita jita a waya, akwai na kyauta. Ku saita tsirkiya ba tare da danna ta ba, sannan ku danne ta a firet na 12 ku duba. In sautin ya zarce sama, a ja sirdi baya, tsirkiya ta ƙara tsawo. In bai kai ba, a turo shi gaba. Kowane juyi a sake saitawa kafin a duba. Sukudireba ƙarama da ɗan makullin nan mai kusurwa shida da makanikai ke kira alanki su ne kayan aikin. Aikin yamma ɗaya ne, kuma jitoci da yawa da aka yanke wa hukuncin sauya jaki a nan suke warkewa.

To a ce kun yi duk wannan, kun tabbata jakin ne. Kada ku saya sai kun auna, domin jakunan da suka yi kama a hoto ba lallai su shiga rami ɗaya ba. A tsofaffin Stratocaster na Amurka, tazarar tsirkiya ta farko zuwa ta shida a kan jaki ta kai kimanin milimita 56, a yawancin waɗanda ake ƙerawa a Asiya kuwa wajen 52 ce. Milimita huɗu kamar ba komai ba, amma ta isa ta sa ramukan noti su ƙi haɗuwa, ko tsirkiyar gefe ta riƙa zamewa daga wuya. Jitocin Gibson na Amurka da yawa da inci aka auna zaren ƙafafun jakinsu, na Epiphone, ƙaramin kamfanin da Gibson ya saya a 1957, yawanci da milimita. Wasu jitocin Squier masu araha gangarsu ta fi ta Fender siranta, dunƙule mai cikakken tsawo sai ya leƙo ta baya, murfi ya ƙi rufuwa. Masu kaɗawa da hagu su ƙara lura, jakin lilo na dama daban, na hagu daban. Wanda ya yi odar kaya daga waje ya zo bai shiga ba, ya san mayar da shi wani dogon labari ne. Sau da yawa ma ba dukan jakin ake buƙata ba, sirada kaɗai ake sayarwa daban, kuma su ne ke taɓa tsirkiya.

Akwai wata siririyar waya da bai kamata a manta da ita ba. Tana fitowa daga cikin jita ta taɓa jaki, ko ƙafarsa, ko ƙarfen da sifirin ke maƙale a jiki. Ita ke haɗa tsirkiyoyi da layin ƙasa na amfilifaya, shi ya sa gurnanin lasifika ke raguwa in kun ɗora hannu a kan tsirkiya. In aka sauya jaki aka bar ta a sake, jita za ta yi ta gurnani. Wannan wayar kuma tana nufin duk lokacin da kuke kiɗa, jikinku a haɗe yake da amfilifaya. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, wutar lantarki ce ta kashe shi a gidansa a 1976 yana kaɗa jita. In kun taɓa jin tsirkiya ko makirufo ya ɗan ja ku, musamman a kan janareta ko soket ɗin da aka yi wa haɗin gambiza, ku kashe komai ku kira mai gyaran wuta. Kada a yi kiɗa ba takalmi a kan siminti mai laima.

Ranar da za ku yi sauyin, ku fara sa wa tsohon jakin sababbin tsirkiyoyi, ku ɗauki sautin da waya, ku lura da inda kowane maɓallin amfilifaya yake da inda kuka ajiye wayar. Bayan an ɗaura sabon, da irin tsirkiyoyin nan, ku sake ɗauka a wuri ɗaya, ku ba aboki ya kunna muku su a gauraye ba tare da ya faɗa muku wanne ne wanne ba. Tsohon jakin kuma, da notinsa da sifirin ɗinsa, a ƙulle su a leda a ajiye cikin jakar jita, don mai saye nan gaba yakan tambayi kayan asali.